Ƙofar Maɗaci a Shekarar da Gari Ya Watse

Bana ma ruwa ya yi mana rowa. Hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi har kaji su shige akurki, sai iska ta zo ta kwashe shi ta kai wa wasu. Ina zaune a bakin zaure ina kallon mutane suna ɗaure kaya a bayan babura, wasu Bukkuyum, wasu Gummi, ko da yake yanzu ba yunwa ce kaɗai ke korar mutum daga garinsu ba, kowa ya san sauran. Shekaranjiya jikana ya zo yana shafa katakon ƙofar nan, wai ya tsufa, a bari ya kawo mai walda ya sa ta ƙarfe mai fenti. Na ce masa ya kawo shi, in har ya iya cire wannan bai rushe zauren ba, na bar masa kyauta. Ya yi ta dariya, a zatonsa wasan kaka da jika ne. Bai san a wace irin shekara aka yi ta ba.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato, soja ke mulki, a rediyo ana ta labarin layin sabulu da madara a birane. Mu a ƙauyenmu, can bayan Nasarawa Burkullu, wa yake ta sabulu? Damina ce ta yaudare mu. Muka yi shuka ta ƙone, muka sake, ta tsiro, gero ya yi kyau har ya ɗauki ciki, sai ruwa ya ɗauke cak. Kana tsaye a gona kana jin ganye yana ƙara kamar takarda. Abin da muka girbe da kaka bai rufe gindin rumbu ba. Kafin tsakiyar rani awaki sun tafi kasuwa ɗaya bayan ɗaya, jakin Baba ya bi su. Fulanin rugar bayan gari, da muke musayar nono da hatsi da su tun kakanni, suka kora abin da ya rage musu na shanu suka yi kudu, ko sallama ba mu samu yi da wasunsu ba.

Da bazara ta shigo, abinci ya koma sau ɗaya, shi ma sai rana ta yi sanyi. Busasshiyar tafasa, ganyen aduwa, dusa, in an yi sa'a a barbaɗa ɗan garin kwaki a kai don a yaudari yara. Mata suna tonon gidan tururuwa suna sheƙe abin da suka samu. Rijiyoyi suka ja baya, sai an je gulbi an haƙa rairayi a zauna jiran ruwa ya tsattsafo. Zafi kuwa, in ka taka ƙasa da rana ba takalmi, sai ka yi rawar da ba ka shirya ba.

A gidanmu akwai Inna, da Yaya Bello da iyalinsa, da ni da mai ɗakina Hajo. Baba ya rasu kafin nan, don haka Yaya ne babba, maganarsa ce magana. Ni ne auta, kuma har na yi gemu na yi aure Auta ake kirana. Na koyi kafinta a Gummi, amma a shekarar nan wa zai sa a yi masa benci? Kayan aikina suna rataye a buhu suna tsatsa.

Sai gari ya fara watsewa. Akwai wata tsohuwar gingimari da ke zuwa duk ranar kasuwar Bukkuyum tana kwasar mutane zuwa kudu. Mai motar ya san halin da ake ciki, saboda haka kaya yake karɓa a madadin kuɗin mota: ƙyaure, azara, kwano, gado, duk abin da zai sayu a gaba. Yaransa suna yawo da wani dogon ƙarfe, su zura shi a bayan firam ɗin ƙofa, su danna, ƙusoshi su yi ƙara, shi ke nan. Kuma mun sani, gidan da aka cire wa ƙofa ya gama. Dabba ta shiga, mai neman itace ya shiga, damina ɗaya ta ishe shi ya zama kango. Layinmu kaɗai sai da ya koma kamar bakin tsoho, nan haƙori, nan gurbi.

Wata rana na dawo daga gulbi da tulu a kafaɗa, na tarar da zaurenmu a wangale. Ba ƙyaure, ba firam, sai ɓaraguzan ƙasa da tsatsattsun ƙusoshi a ƙasa. Daga titi kana hango turmin Inna. Raina ya ɓaci irin ɓacin da ban taɓa ji ba. Na sami Yaya a inuwar rumbu.

“Na gama magana da mai mota,” ya ce, bai ko ɗago kai ba. “Kasuwa mai zuwa muna tahiya, dut gidan ga.”

“Shi yas sa kac cire ƙohwab Baba?”

“Ƙohwa za ka ci? Ɗiyana na kwana da yunwa kana yi min zancen ƙohwa. Maɗacin ga ma na bin ta ran tahiya, shi na wurin zaman Inna da naku.”

Maɗacin da yake nufi wasu katakai ne masu kauri da ke jingine a ƙarƙashin rumbu. Iska ce ta kayar da itacen a gonarmu tun Baba na da rai, ya sa masu zarto suka yanka, ya ce wata rana za a yi wa zaure ƙofa ta kirki. Sun shekara da shekaru a inuwa, sun bushe ƙamas, gara ko kusa ba ta zuwa saboda ɗacinsu.

Ban ce Yaya mugu ne ba. Ƙaramin ɗansa ciki ya kumbura, ƙafafu kamar kara, kowane uba zai nemi hanya. Amma ni zuciyata ta ƙi. A ɗauki Inna, da shekarunta, a ɗora ta a kan buhuna a kai ta inda ba ta san kowa ba, a bar gidan da ta shigo tana amarya ya zama makewayin jama'a? Na je na tambaye ta ko tana son tafiyar. Ta ci gaba da tsince ganyenta, ta ce, “Babba ya yi magana.” Inna ba za ta shiga tsakanin 'ya'yanta ba, balle ta ja da ɗan fari, wanda ko sunansa ba ta faɗa.

Washegari Yaya ya yi sammako ya tafi Bukkuyum neman abin da za a riƙe a hanya. Yana ɓacewa na sauke buhuna, na wasa kurfi da bakin filen, abin goge katako, a kan dutse, na jawo katakan tsakar gida. Na san abu guda: katako lafiyayye kaya ne, mai mota zai karɓa. Katakon da aka huda kuwa ba ya da amfani ga kowa sai ƙofar da aka huda shi dominta.

Ko da ina son ƙusa, babu ita a gari, kuma ba na so. Na ga yadda ƙusa take ba da kai ga dogon ƙarfe. Haɗin da maigidana na Gummi ya koya mini zan yi, wanda mu kafintoci muke ce wa mace da namiji, amma a gaban Inna rami da harshe nake cewa. Za ka huda rami mai kusurwa huɗu a katakon sama da na ƙasa, ka fitar da harshe a kan katakan tsaye, harshe ya shige rami ya zauna. Na goge fuskokin da filen har jan maɗacin ya fito. Na aza sukwaya, ma'aunin kusurwa, na ja layi da bakin wuƙa, don gawayi yana da kauri, kuma a wannan aiki kaurin layi ma ɓarna ne. Faɗin ramin kashi ɗaya cikin uku na kaurin katakon. In ya fi haka gefe zai tsage, in bai kai ba harshen zai karye.

Ba ni da abin matse katako, a Gummi na baro shi. Na dubi Inna.

“Mi kaka kallona?” ta ce.

“Ki zamna nan bisa, Inna, ki danne min.”

Ta dube ni, ta dubi kurfin, ta san sarai abin da zan aikata. Ta ɗauki faifanta ta zo ta zauna a kan katakon, ta ci gaba da tsince ganye kamar a tabarma take. Na kafa kurfi a tsakiyar ramin, don ba a farawa daga bakin layi, na ɗaga guduma na buga. Katakon ya yi tsalle, Inna ta yi tsalle tare da shi. Matar da a da in ta zauna a kan buhun gero sai ya baje, yau ba ta iya danne katako. A nan na gane inda rabonta na abinci yake tafiya, cikin jikokinta. Na sunkuyar da kai na yi kamar ina duba bakin kurfi, don kada ta ga idona. Hajo ta ajiye abin da take yi, ba wanda ya kira ta, ta zo ta zauna kusa da ita. Su biyu suka yi nauyin mutum ɗaya, na ci gaba.

Busasshen maɗaci ba ya wasa. Kowane bugu sai na ji shi har cikin haƙorana. Ka sara, ka karkata kurfi, ka ɓanɓaro, ka matsa kaɗan ka sake. In ka kai rabi sai a juya katakon ka faro ta baya, ramukan su haɗu a tsakiya, in ba haka ba kurfi zai fasa fuskar ya fita. Ƙurar tana shiga baki, ɗaci kamar an jiƙa maka magani, ga ciki ba komai. In na miƙe sai duniya ta yi duhu, in dafa bango har ta dawo. Abin da na fi tsoro shi ne rawar hannu, don ba ni da wani katakon. In kurfi ya zame ya ci layi, rami ya yi faɗi, harshe zai yi ta lilo a ciki har abada. Saboda haka na bar gyaran bakin layi sai da safe, lokacin da ɗan abin da na ci jiya bai gama barin jikina ba.

Da la'asar Yaya ya dawo. Ƙarar guduma ce ta tarbe shi tun daga bakin masallaci. Ya shigo da sauri, ya tsaya, ya ga ramuka sun huda katakon sama har ana hango ƙasa ta ciki.

“Auta! Mi kay yi?”

“Abin da kag gani.”

“Ka san mi kah huda? Wurin zaman Inna cikin mota na kah huda!”

“Inna ga ta nan zamne,” na ce. “Ta samu wurin zama.”

Ya ɗaga hannu. Na ajiye gudumar na miƙe na ba shi fuska, don yayana ne, in ya mare ni ba zan rama ba, amma kuma ba zan fasa ba. Hannun ya tsaya a sama. Ya dubi Inna ko za ta ce wani abu. Ita kuwa ta sami wani ɗan tsinke a cikin ganye da ya ɗauke mata hankali ƙwarai.

“Kai ka zamna ka ci katako,” ya ce. “Amma uwata ba ni barin ta ta mutu nan don taurin kanka. Ko azaraɗ ɗakina in cire, da ita nika tahiya.”

Kuma ya cire. Ya kwance rufin ɗakinsa da hannunsa, ya haɗa da gadon matarsa da kekensa. Ya sa aka ɗaure kayan Inna a zane, ƙwarya da tasoshi da 'yar akwatinta, aka ajiye a bakin ɗakinta. Ba ta hana ba. Wannan ya tsaya mini a rai. Da safe ta zo ta zauna mini a kan katako, da yamma ta zauna kusa da ƙullin kayanta. Na rasa gane inda ta dosa, sai na bar wa Allah na koma kan aikina.

Na yanka harsunan da zarto, ina bin gefen layi ba kansa ba, na fitar da kafaɗu. Gwaji shi ne wurin da ake gane kafinta. Harshe mai kyau zai shiga rabi da hannu, sauran sai da guduma. Na gwada, na cire, na duba inda ya yi sheƙi, na aske wurin kamar mai aske gashin baki, na sake gwadawa. Maƙwabcinmu Malam Ɗanjuma, shi ma yana cikin masu tafiya, ya leƙo ta katanga ya ce, “Auta, mutane na cire ƙohwa kai kana sawa? Mi za ka kulle, yunwa?” Na ce masa e, so nake in ta fita kada ta sami hanyar dawowa. Ya tafi yana girgiza kai, na ji yana gaya wa mutane zafin bazara ya taɓa autan gidan.

Maimakon ƙusa na fiƙe guntayen ƙirya daga wata tsohuwar taɓarya. Hajo ta gasa mini siririn ƙarfe a murhu har ya yi ja, na huda da shi. Hujin harshe nakan ɗan matsar da shi ciki kaɗan, yadda in an buga ƙiryar za ta jawo kafaɗa ta manne, ko bakin wuƙa ba zai shiga ba. Itace busasshe ne, da ya sha iskar damina zai kumbura ya ƙara cije kansa. Sai babban abin: ban yanke kan katakon sama da na ƙasa daidai da na tsaye ba. Na bar musu kunnuwa, kowane gefe kusan kamu guda, waɗanda za su shige cikin bango a gine a kansu. Mai dogon ƙarfe ya zo ya danna har ya gaji, ba ƙusar da za ta ba shi kai.

Ana gobe kasuwa muka haɗa shi a ƙasa. Na buga har kafaɗu suka zauna, na auna kusurwa zuwa kusurwa da igiya, suka yi daidai. Ƙasar gini kuwa, ƙaramin rumbunmu na fasa, tunda ba abin da yake ajiyewa sai ɓeraye, su ma sun yi ƙaura. Ruwan kwaɓi Hajo ce ta tara, na wanke-wanke da na alwala, ba ta bar ɗigo ya zube a banza ba. Na faffaɗa bangon zaure, ni da ita muka ɗaga firam ɗin muna nishi, muka tsayar, na cusa kunnuwan na gine su. Ƙyaure babu, tsohuwar tufaniya muka rataya. Duk da haka na koma tsakiyar titi na tsaya ina kallo, na ji daɗi har cikin raina.

Da hantsi gingimari ta tsaya a bakin gari tana ta hon. Matar Yaya da 'ya'yansa suka fita suna kuka, Hajo ta raka su. Yaya ya ɗauki ƙullin Inna a ka, ya ce ta taso. Ta tashi, ta yafa mayafinta, ta bi bayansa a hankali. Na tsaya a zaure hannuwana duk busasshiyar laka, na ce shi ke nan, na yi wa kango ƙofa.

Yaya ya tsallake dokin ƙofa ya fita. Inna ta zo daidai nan ta tsaya. Ta shafa katakon dama, ta shafa na hagu, ta ɗaga kai ta dubi na sama. Sai ta tattare zanenta ta zauna a kan dokin ƙofar, ƙafafunta a ciki.

“Auta,” ta ce, “ƙohwag ga da kay yi, makara na wucewa?”

“Tana wucewa, Inna, har da masu ɗauka. Ba wanda za shi karkata.”

“To hwaɗa ma wancan, Allah shi kiyaye hanya, Allah shi raya mai ɗiyanai. Ni ta nan nika hita, kuma ba yau ba.”

Yaya ya juyo da ƙulli a ka. “Inna, yunwa fa. Yunwa ta, ba wasa ba.”

Ba ta dube shi ba, ni ta duba. “Hwaɗa mai na san ta tun ba a haihe shi ba.”

Mota ta sake yin hon. Yaya ya sauke ƙullin ya ajiye ta cikin zaure. Ya durƙusa a gabanta. Inna ta ɗora hannu a kansa, abin da ban taɓa ganin ta yi ba tunda nake, bakinta yana motsi. Da ya miƙe ya sa kafaɗa ya bangaji katakon tsaye da duk ƙarfin da ya rage masa. Ko gezau. Ya dube ni, idonsa ja wur.

“Ka iya aiki, ja'iri,” ya ce. “In wani abu yas same ta, kai da Allah.”

Ya tafi bai waiwayo ba. Muna jin ƙarar motar har ta ɓace, garin ya yi tsit, ko kukan akuya babu. Sai a lokacin Inna ta share ido da bakin mayafi, ta ce wa Hajo, wadda ta dawo daga rakiya, ta kwance kayan nan ta ɗora tukunya.

Mun sha wuya bayan nan, ba zan ɓoye ba. Akwai ranakun da na kwanta a zauren nan ina jin maganar Yaya tana yi mini yawo a kai, ina kallon Inna tana ƙara ƙanƙancewa. Amma ruwa ya sauka, muka shuka ɗan irin da ta ɓoye a tulu ba wanda ya sani, ta ci tumun sabon gero da 'yan haƙoran da suka rage mata, ta kuma ci na shekaru masu yawa bayansa. Ranar da makarar ta zo, Yaya Bello, wanda ya zo daga kudu, shi ne ya riƙe gaba, ni ina baya. Muka fita da ita a miƙe, ba wanda ya karkata.